Abin da ma'aunin zafi ya koya mini a bakin gulbin Argungu

Kiwon kifi nake yi a wata gona da ke kusa da Argungu, daga gulbi muke jawo ruwa da inji. Aikin da ba ya wuce ni kullum shi ne tsoma ma'aunin zafi da asuba da kuma la'asar, in rubuta a littafi.

Littafin nan ne ya nuna mini cewa ruwa na bin iska wajen zafi da sanyi, amma a baya yake tafe, kuma ba ya kai inda ta kai. Sai rana ta karkata, wajen la'asar, yake cika ɗuminsa, sanyinsa kuma sai dab da fitowar rana. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya sha zafi kusan ninki 4 na abin da kilo ɗaya na iska zai sha. Shi ya sa a Afrilu iska kan haura digiri 40, mutum na neman inuwa, gulbi kuwa ko kusa.

Hunturu ya fi ba ni aiki. A Disamba da Janairu hazo na tare rana, wadda ita ce babbar mai ɗumama ruwa da yini. Ga busasshiyar iska tana kwasar danshi daga saman gulbi, tana tafiya da zafinsa, kamar yadda ruwan randa ke sanyi idan jikinta na tsattsafa. Duk da haka, da asuba sai ka ga tururi kwance a kan ruwa, ka tsoma hannu ka ji ɗumi. Masunta kan ce cikin ruwa ya fi tudu daɗi a irin wannan lokaci, kuma gaskiyarsu. Sai dai tarwaɗa ba ruwanta da abin da fatarka ta ji. Ta fi girma tsakanin digiri 26 zuwa 30. Ɗumin ruwa na sauka wajen digiri 20 sai ta rage ci. Duk abincin da aka watsa da sassafe, ga tsada, ƙasa zai nutse ya ruɓe. Mu sai rana ta take muke ba su, kuma kaɗan.

Bazara kuma matsalarta numfashi. Ruwa mai digiri 20 kan riƙe oksijin, wato iskar da kifi ke numfashi da ita, kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 bai fi 7.5 ba, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙata. Karfasa ce ke fara nunawa, da asuba ta taso sama tana buɗe baki. Tarwaɗa da sauƙi, tana iya shaƙar iska kai tsaye.

Zurfi ma na da nasa. Ruwan bakin yashi, wanda bai wuce idon sawu ba, kafin azahar ya yi zafi, da dare ya huce. Gurbi mai zurfi da wurin da itatuwa suka yi wa inuwa ba sa saurin canjawa, abin da ke sa nake jin takaicin saran itacen bakin gulbi. Can cikin gurbin muke jefa bakin tiyon injinmu, ko da hakan zai ci ƙarin tiyo.