Takobin Hafsan Ingila: Abin da Muke Dubawa Kafin Mu Taya

Takobin soja da aka fi kawo mana shago shi ne na hafsoshin sojan ƙasa na Ingila, ƙirar 1897, irin wanda Turawan rundunar Lugga suke ratayawa a zamanin da aka ci Kano a 1903. Har yau sojojin Ingila da shi suke fareti, saboda haka ganin ƙirar kawai ba ya nuna tsufa. Ga kuma na jabu da ake ƙerawa a Indiya sun cika kasuwa.

Mu daga kariyar hannu muke farawa. A jikinta akwai kambi da tambarin mai sarautar lokacin. VR na Sarauniya Biktoriya ne, wadda ta rasu a 1901. ER mai VII na Edward ne, 1901 zuwa 1910, GR mai V kuwa na George na biyar, 1910 zuwa 1936. Sai a zare a duba ko tambarin da aka zana a ruwan takobin ya yi daidai da wannan. In sun saɓa, ƙila haɗin gambiza ne, an ɗauko ruwa can an ɗauko mariƙi can, kuma kuɗinsa ya faɗi.

Ruwan miƙaƙƙe ne, inci 32 da rabi, da kwarmi a kowace fuska. Don suka aka yi shi, shi ya sa rabin da ke kusa da hannu ba shi da kaifi ko kaɗan. Wanda bai sani ba sai ya ce dakushewa ya yi, ya kai wa mai wasa wuƙa, ya lalata dukiya da hannunsa. A gindin ruwan akwai tauraro mai tsini shida, da ɗan ƙwayar tagulla a tsakiya, shaidar an gwada ƙarfen. Takobin kamfanin Wilkinson, maƙeran takubba na Ingila, yana ɗauke da haruffan HW, kuma daga 1854 suka riƙa buga lamba a gadon bayan ruwan. Da wannan lambar ake gano shekarar ƙira, wani lokaci har da sunan hafsan da ya saya. Takobi mai suna ya fi marar suna daraja nesa ba kusa ba.

Zanen jikin ruwa shi ke tona asirin jabu. Na ainihi in ka shafa da farce za ka ji tudu da kwari, ganyayyakin zanen a fayyace ko da sun sha goga. Na jabu kamar an shafa toka, harufan a karkace. Mariƙin ainihi fatar kifi ce mai ƙurzunu, an naɗe ta da waya a cikin tsagi. In ka ga roba ko fata mai santsi, ajiye. Ɗaga shi kuma ka ji: na gaske nauyinsa na komawa wajen hannu, na jabu yana rinjayarka ta tsini kamar rodi.

Tsatsa iri biyu ce. Baƙin tabo na shekaru ba komai ba ne, barinsa muke yi. Jar tsatsa mai gari ita ke cin ƙarfe, kuma in ta rufe ko'ina daidai wa daida, ruwan batir aka zuba don a tsofar da sabo. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne dillalan da ke bin takobi da samfefa har zanen ya gushe, su kawo yana walƙiya suna neman ƙari. Sannan mai saye ya zo ya taya na ainihi da kuɗin na jabu, wai ai duk ƙarfe ne. Albarka kawai muke cewa.

Kube na ƙarfe ne don fareti, ko na katako mai rufin jar fata don fita daji. Ya kamata ruwan ya shige har gindi ba tare da dannawa ba. In ka saya, ka shafa man keke kaɗan da tsumma mai laushi, kuma da damina kada ka bar shi cikin kuben fata, don fata na riƙe laima.