Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bazarar da Na Yi a Sansanin Kifi

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda aka rufe makaranta a watan Mayun 2022, abokan aikina malamai suka hau ƙaramin jirgi zuwa Bethel, babban garin yankinmu a jihar Alaska ta Amurka, daga can kowa ya kama hanyar garinsu. Ni na zauna. Kuɗin tikitin zuwa Kano da dawowa ya yi mini yawa, ga ginin da na fara wa Hajiya a Zariya yana jiran rufi. Dattijon da ke kula da ginin makarantarmu, wanda yara ke kira Apa, wato kaka, da ya ji ba zan tafi ba sai ya ce mini: "Ɗana, kada ka zauna kai kaɗai a ɗaki. Ka biyo mu sansani, akwai aiki."

Kafin in kai ku sansanin sai na bayyana yadda kuɗi ke tafiya a ƙauyen, don in ba haka ba abin da na gani a bakin ruwa ba zai shiga kai ba.

Ƙauyenmu yana gefen kogin Kuskokwim, a yammacin jihar Alaska, ƙasar mutanen Yup'ik. Babu titin mota da ya haɗa shi da wani gari. Bethel ma, babban garin yankin mai mutum wajen 6,000, ba ta da titin da ya kai Anchorage, birni mafi girma a jihar, wadda ke nesa da ita da kimanin kilomita 640. Da bazara kogi ne hanya, ana bin sa da kwale-kwale mai inji. Da hunturu ya daskare, sai a share dusar ƙanƙarar da ke kansa motoci su riƙa bi. A cikin ƙauyen kuwa hanyoyin katako ne aka shimfiɗa a kan laka, babura masu ƙafa huɗu na kai da kawowa. Yawancin abin da ke kanti, daga shinkafa har sabulu, jirgin sama ne ya kawo shi, shi ya sa galan ɗin madara kan haura dala 10. Fetur da man dumama ɗaki da dizal ɗin janaretan gari kuwa, babban jirgin dakon kaya ne ke kawo su ta ruwa a 'yan watannin da babu ƙanƙara. A zuba a manyan tankuna, kuma farashin da aka sayo shi a lokacin shi za a yi ta biya har wani jirgin ya zo, ko da mai ya karye a duniya. A bazarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashi, mutane sun san tun a watan Yuni cewa hunturu mai zuwa zai yi tsada.

Aikin albashi kaɗan ne. Makaranta ce ta fi ɗaukar mutane, sai ƙaramin asibiti, ofishin majalisar ƙauye, kanti, gidan waya da gidan wuta. A da kamun kifi na sayarwa yana kawo wa magidanta ɗan kuɗi, amma tun 2016 babban mai sayen kifi na yankin ya daina saye. Abin da kowa ke jira shi ne rabon da jihar ke yi duk shekara daga asusun kuɗin man fetur, wanda aka fara a 1982. Kowane mazaunin jihar yana samu, har jariri. A 2022 an ba kowa dala 3,284, wato gida mai mutum 7 ya tashi da kusan dala 23,000. Na yi zaton za a ga sababbin tufafi da kayan ɗaki. Abin da na gani shi ne injin kwale-kwale, gangunan fetur, raga, harsashi, firiza, da babur ɗin tafiya kan ƙanƙara. Kuɗin a wurinsu guzurin fita neman abinci ne. Wanda ke da albashi shi ke sayen mai, wanda ke da ƙarfi da sanin kogi shi ke fita, abin da aka samo kuma a raba shi gidaje da dama.

Sansanin iyalin Apa yana wani lungu na kogin, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Ɗan ɗakin katako ne, da tanti, da rumfar shanya, da ɗakin banda mai rufin kwano. Maza su shiga ruwa su saki raga ta bi igiyar kogi, su jawo, su dawo da kifi. Daga nan aiki ya koma hannun mata. Matar Apa na zaune gaban teburin katako da wuƙarta mai siffar rabin wata, wadda suke kira uluaq. Cikin ɗan lokaci ta fede kifin salmon da ya kai tsawon hannun mutum, ta zare ƙashin baya, ta tsattsaga naman layi-layi don iska ta ratsa shi, ba tare da ta huda fatar ba. Wani a yanka shi sirara dogaye, a tsoma a ruwan gishiri, a rataye. In ya sha iska ya yi fata-fata sai a mayar da shi ɗakin banda, inda wuta marar harshe ke cin ɗanyen itace dare da rana har makonni. Kai da ƙwai da ƙashin baya duk akwai yadda ake sarrafa su. Ban ga an zubar da abin da za a iya ci ba, kuma ko yaro ba ya taka kifi ko ya yi wasa da shi, don sun yi imani kifi yana zuwa ne wa mutanen da suka girmama shi.

Nawa aikin shi ne ɗebo ruwa, wanke kifi, ɗauko itace da ratayawa. Kifin nan ya rufa mini asiri ƙwarai ta fuskar abinci, tunda nama mai yankan Musulunci ba a maganarsa a can. Lokutan salla kuwa, a wurin da rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare kuma duhu ba ya kankama, wannan labari ne mai zaman kansa, zan ba shi kashi guda.

Abin da firiza da ɗakin ajiyar busasshen kifi suke a wurinsu, shi ne rumbu a wurin manomin ƙasar Hausa. Magidanci ya leƙa ya ga an cika, hankalinsa ya kwanta har bazara ta zagayo.

To, a nan ne ciwon yake. Babban salmon da suke kira taryaqvak, wanda ya fi kowanne maiƙo, ya yi ƙaranci shekara da shekaru, sannan wani nau'in da ke biye masa, iqalluk, shi ma ya faɗi warwas daga 2020. Hukumar tarayya mai kula da kifi da namun daji ta karɓi ragamar wannan ɓangaren kogin a watan Yuni, ta rufe kamun salmon, sai dai ta riƙa buɗewa jefi-jefi, yawanci na awa 12, da sharaɗin idon raga kada ya wuce inci 6 don manyan matan kifi masu ƙwai su samu wucewa. Ranar da aka buɗe, kogi ya cika da kwale-kwale, kowa na rige-rige, ragar wani na hawa ta wani. Kifin da a da ake kamawa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da hannu zai iya yankawa, yanzu a rana ɗaya yake taruwa. Na ga matar Apa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta yi ta yanka har gari ya waye, don in aka bari ya kwana biyu ya lalace. Ga shi kuma Yuni ne watan shanya, mai iska da ƙarancin ƙuda. In aka jinkirta mutane zuwa ƙarshen Yuli, ruwan sama da ƙudaje sun iso, kifi ya yi tsutsa a kan rumfa. Wanda ya rubuta jadawalin yana lissafin kifin da zai wuce, ita kuwa tana lissafin iskar da za ta busar.

Ba na musun cewa kifi ya ragu. Masana suna danganta abin da ɗumamar teku da koguna, kuma su kansu dattawan sun ga yadda kifin ya ƙanƙance. Mutanen nan kuma ba su gaza haƙuri ba. A 2004 ƙauyukan ƙasan kogin sun amince da dakatar da farautar mus, wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa, har shekara 5, kuma dabbar ta yawaita har yau ana cin moriyarta. Abin da ke ƙona musu rai, ni ma ya ƙona mini, shi ne manyan jiragen kamfanoni da ke jan koma a tekun Bering suna neman wani kifin daban, suna haɗawa da dubban salmon da ba su suka fita nema ba, kuma ba a tsayar da su ba. Tsohon da ke neman abin da zai ciyar da jikokinsa shi ake ce wa ya naɗe raga. Maƙwabtansu na kogin Yukon abin ya fi muni, don a 2021 da 2022 kusan an hana su kamun salmon gaba ɗaya, har kifin da aka kamo a wani yankin ake turo musu ta jirgi a daskare.

Duk da wannan ƙunci, rabo bai tsaya ba. Da muka dawo da kamun farko, kafin a ɗora tukunya a gidan Apa, an aiki yara da kifi gidan tsofaffi da gidan wata bazawara da ba ta da mai shiga mata ruwa. Wani ɗalibina ɗan aji bakwai, wanda a aji da ƙyar yake ɗaga kai, a wannan bazarar ya kama babban salmon ɗinsa na farko. Ko yanki bai ci ba. Al'ada ce kamun farko na yaro a bayar da shi duka ga dattawa. Na ga yadda ya shiga da shi a rungume, tsohuwar ta karɓa tana cewa "Quyana", wato na gode, tana sa masa albarka. 'Yan'uwansu na bakin teku kuma sukan aiko da man wata dabbar ruwa da ake kira sil, a mayar musu da banda. Babu wanda ya rubuta bashi, amma kowa ya san wanda ya tuna da shi. Ni baƙo, da ba ni da dangi ko ɗaya a wurin, an cika mini jaka biyu da busasshen kifi saboda itacen da na ɗauko.

Yuli ya ƙare da tsintar 'ya'yan itatuwa a fili. Mata da yara su fita da bokitai su wuni suna tsinto wasu 'yan jajaye-jajaye masu tsami, a daskarar da su don haɗa akutaq, wanda ake kwaɓawa da kitse da sukari. Kowa ya sa rai salmon ɗin Agusta, na ƙarshe a shekara, zai cike gurbin da aka rasa. Shi ma bai zo da yawa ba, aka sake rufe kogi a tsakiyar watan. Ranar da aka yi sanarwar ta rediyo, Apa ya zauna ya lissafa gangunan fetur ɗin da suka rage masa, ya ce dole farautar mus ta Satumba ta yi kyau, kuma ya tambaye ni ko ina da takalmin roba mai tsawo.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin wannan tafiyar farauta, da guguwar da ta afka wa gaɓar tekun yammacin Alaska a tsakiyar Satumban, muna can cikin daji.