Motar da ke bayan Kaka

A ƙasan akwatin da mahaifiyata ta bari na tsinci hotuna uku, duk tsufa ya mai da su ruwan ƙasa. A biyu daga ciki kakanta ne tsaye, ya dafa wata mota mai rufin tamfol. Gwaggo ta rantse Chevrolet ce, wai haka ta taso ta ji ana faɗa. Ban yi mata gardama ba. Na dai ɗauki hoton da waya, na yi ta buɗa shi har ƙwayoyinsa suka fara watsewa.

Sunan da ke goshin motar ya goge, sai na leƙa ƙasa. Sifirin ɗaya ne tal a gaba, ya gitta daga wannan taya zuwa waccan, ga handil ɗin tayar da inji yana reto a ƙarƙashin lagireto. Da irin wannan sifirin da siririn jikin nan mai tsayin ƙafa, Ford Model T ce, wadda aka ƙera sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927.

Shekarar ce ta ba ni wahala. Na farko-farko lagiretonsu na tagulla ne mai kusurwa, ko a hoto marar kala za ka ga yana ƙyalli, fitilunsu kuma na gas. A 1915 aka koma fitilar lantarki. Daga samfurin 1917 lagireto ya zama baƙin ƙarfe, madigadi suka lanƙwasa suna bin taya. Tamu baƙa ce wuluk, madigadinta a lanƙwashe, ƙafafunta masu sandunan katako. Ke nan ba ta riga 1917 ba. Shi hoton kuwa yana iya zuwa shekara goma bayan haka, don madigadin hagu ya sha duka.

Sitiyarin yana dama. Nan na ɗan tsaya, saboda masu wanke hoto na da sukan kifa fim, dama ta koma hagu. Na duba lambar motar, haruffan daidai suke karantuwa. Ashe ba ta kasuwar Amurka ba ce. Masu sitiyari a dama daga Manchester ta Ingila suke fitowa, inda aka fara haɗa su a 1911, ko daga Kanada.

Da na kai wa Gwaggo bayanin, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "To, ɗan nan, ka gano motar. Wannan yaron da ke zaune a kan matakala fa, wane ne?" Sai a lokacin na lura da shi.