Yadda Na Koya wa Ɗaliban Akanta Aiki Tare da Kuma Ƙirƙira

Ɗalibin akanta ya saba da zama shi kaɗai da kalkuletarsa, domin a jarrabawar jami'a, da ta ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, wato ICAN ko ANAN, kowa tasa ce ke fisshe shi. A wurin aiki kuwa, wanda ya rubuta takardar biyan kuɗi ba shi ke amincewa da ita ba, kuma wanda ya amince ba shi ke binciken littafin ba. A kan wannan ƙa'ida ta raba aiki, wadda muke koyarwa a darasin binciken kuɗi, na gina aikin rukuni ga ɗaliban aji uku.

Ni na raba su da kaina, saboda idan aminai suka haɗu, mutum ɗaya ke yin aikin, saura su sa suna. Kowane rukuni ya nemi ɗan kasuwa guda a Kantin Kwari da ke Kano, aka ba wani rubuta ciniki, wani bin bashi, wani kuma binciken abin da 'yan'uwansa suka rubuta.

A can suka tarar da matsalar da babu ita a littafin karatu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma tiransifa, sai wani rukuni ya gano cewa kuɗin atamfar shago ɗaya na shiga asusun maigida, da na yaron shago, da na mai POS na bakin layi, alhali littafin ciniki guda ne. Da farko sun tsara masa jadawali a Excel, Alhajin ya duba ya ce shi ba ya kasuwanci da kwamfuta. Bayan doguwar gardama a tsakaninsu, sai suka ja layuka a littafi na hannu da Hausa, suka ware gurbin rubuta asusun da kowane alat ya shiga, yaron shago kuma yana turo hoton shafin ta WhatsApp kullum da yamma. A ganina wannan littafin ya fi jadawalin cancantar a kira shi ƙirƙira, tunda shi mai shagon ya karɓa.

Rabon maki ne ya fi wuya. Da na ce su auna juna, kunya da kara suka sa kowa ya ba ɗan'uwansa cikakken maki. Saboda haka ranar gabatar da rahoto nakan zaɓi wanda na ga dama, in tambaye shi ɓangaren da ba shi ya rubuta ba, kuma amsarsa ce makin rukunin gaba ɗaya. Tun daga lokacin suka fara zama suna koya wa juna kafin su shigo aji.