Komawa makaranta don zama malami: abin da za ka auna kafin ka sayi fom

Takardar da ke hannunka yanzu ita za ta faɗa maka shekara nawa wannan tafiya za ta ci. Idan sakamakon sakandare kaɗai gare ka, hanyarka NCE ce, shekara uku a kwalejin ilimi, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a koyar da ita a Najeriya. Ana neman kiredit a darussan da suka shafi fannin da ka zaɓa, a zama ɗaya ko biyu, sai rajista da JAMB. Mai NCE da ke son digiri yana shiga jami'a daga aji biyu, ya yi shekara uku. Mai digiri ko HND a wani fanni kuwa, kada ya ɓata lokacinsa ya koma farko. PGDE zai yi, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, shekara guda zuwa shekara da rabi, ya fito malami cikakke. Na sa wannan a gaba ne saboda akwai masu digirin kimiyyar sinadarai ko lissafin kuɗi da ba su san ƙofarsu ta fi ta kowa kusa ba.

Magidanci da matar aure ba kowa ne zai iya zaman aji Litinin zuwa Juma'a ba. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, don irin waɗannan take: karatun ƙarshen mako a cibiyoyinta na jihohi, sai dai NCE ɗinta shekara huɗu ce. Shawarata, kada ka saki sana'arka sai dole. Kuɗin rajista mutum yana shirya masa. Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne kuɗin mota, kwafin takardu, kuɗin buga kundin bincike, da cefanen gidan da ba ya jira.

Idan kuwa kana aikin gwamnati, samo takardar amincewar tafiya karo karatu tukuna, a rubuce, ka ajiye kwafi. Wanda ya tafi a ɓoye yakan dawo da kwali mai kyau, ofis ya ce bai san da zancen ba, ƙarin girma ya maƙale.

Sai zaɓen darasi, inda aka fi yin kuskure. Mutane suna tururuwa inda suke ganin sauƙin ci, su fito su tarar da layi ya kai bakin titi. Lissafi, Turanci, kimiyya, kwamfuta da koyar da yara masu buƙata ta musamman, nan ne makarantu suka fi kukan rashin malamai, musamman a karkara. Malamin lissafi ko bai samu aikin gwamnati ba, zai samu makarantar kuɗi da darasin yamma. Duba darussan da ka fi ƙarfi a sakamakonka, ka zaɓa daga ciki, don abin da ba ka iya ba yara za su gane cikin mako guda.

Gwajin koyarwa ne wurin da ake tankaɗe da rairaya. Za a tura ka wata makaranta makonni da yawa, mai NCE har kusan zango guda, babu albashi. Kowane darasi sai ka rubuta tsarinsa: manufa, kayan koyarwa, abin da yara suka sani a baya, matakan gabatarwa, tambayoyin auna fahimta. Malami mai dubawa zai iya shigowa ba sanarwa, ya zauna a bencin baya da takardar maki a cinya. Sabon shiga yakan juya wa yara baya yana ta cika allo da rubutu, minti arba'in su ƙare bai tambayi kowa komai ba, na baya suna wasan 'yar carafke da murfin kwalba. Wanda ya faɗi wannan gwaji sai ya maimaita, ko da ya cinye sauran darussa.

Bayan kwali akwai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda dokar 1993 ta kafa. Jarrabawa ce ta kwamfuta, sannan a ba ka shaida da lasisi. Wanda bai saba da linzami ba ya je shagon kwamfuta ya koya tun da wuri. Kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a WAEC ko NECO, JAMB da katin NIN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai wata da watanni.

Albashi fa? Mai NCE yakan fara a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, adadin kuɗin kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Malaman firamare hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, ke ɗaukarsu, kuma ba kowace shekara ake ɗauka ba. Dokar 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, abin da ke yi wa mai shigowa a makare daɗi, amma bincika ko jiharku ta fara aiki da ita. Ka kuma karanta sanarwar ɗaukar aiki ta baya, don wasu suna sa iyakar shekarun mai nema.

Kafin ka biya ko sisi, je wurin hedimastan firamaren unguwarku ka roƙi ya bar ka ka taimaka na mako biyu. Karɓi aji huɗu, irin mai yara tamanin ko ɗari, wasu a kan tabarma, ka koyar da rarrabawa bayan tara, lokacin da rana ta taka kuma kwanon rufi ya ɗau zafi. Da yamma ka duba littattafansu ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga nawa ne suka gane. Ranar Litinin ta biyu, lura da yadda ƙafarka take idan ka doshi ƙofar makarantar.