Kafin Ka Ɗauko Filasma Daga Kasuwa

A Birnin Kebbi, kamar sauran garuruwan Arewa, duk talabijin mai faɗi ta bango "filasma" muke ce mata. Amma ainihin filasma an daina ƙera ta tun 2014, lokacin da Panasonic da Samsung da LG suka janye daga harkar. Kusan duk abin da ke jere a shaguna yau LED ce, wato allo ne da ake haska shi da layukan ƙananan fitilu daga baya. Idan ka ci karo da filasma ta gaske cikin kayan Beljiyam, wuce ta: nauyi gare ta, ga zafi, ga shan wuta.

Ka fara da wutar gidanka, sannan girman allo ya biyo baya. Juya talabijin ka duba takardar da ke manne a bayanta. Ka nemi inda aka rubuta 100-240V. Wannan za ta ci gaba da aiki ko da wuta ta yi ƙasa. Wasu na hannu da aka shigo da su daga Amurka 120V kaɗai suke ɗauka, mu kuwa tamu wutar 230V ce, ana jona su sai ƙauri. A nan kuma za ka ga wat nawa take ci. Mai inci 32 yawanci tsakanin wat 30 zuwa 50 take, mai inci 55 kan haura 100. Ga mai sola wannan lissafi ne babba. Batir mai 12V 100Ah yana riƙe wat-awa 1,200 (wat-awa shi ne wat sau awannin aiki), kuma idan na ruwa ne rabi kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri. Talabijin mai wat 60 idan ta yi awa 5 ta cinye 300, ba a ma sa dikoda da fanka ba. Mutanen ƙauyukan Jega ko Argungu da sola kaɗai suka dogara da ita, gara su nemi mai aiki da DC 12V kai tsaye, ba sai da inbata ba.

Abin da ya fi kashe talabijin shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke. Don haka ka haɗa da gad, ƙaramar na'urar nan da ke jinkirta wuta na ɗan lokaci kafin ta sake ta, ta kuma yanke idan ta yi yawa. Kuɗinsa bai kai na gyaran bod ɗaya ba, wato farantin na'urorin da ke cikin talabijin. Da damina kuma, hadari na tasowa a zare filogi, a zare wayar dish ma, domin tsawa ta nan take shigowa ta ƙone ramin HDMI.

Inci kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, allon kaɗai ban da baki. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kusan 109. Je da tef ɗinka, don akwai kwalin da aka rubuta 43 a jikinsa alhali na ciki bai kai ba. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, inci 32 ko 43 ta wadatar. 55 sai falon da kujera ke nesa da bango kamar mita 3. Masu haɗa kayan ɗakin amarya su kula da wannan, a auna bangon kafin a je kasuwa. Maganar 4K kuma, wato allon da ya fi Full HD tsantsar hoto, idan tashoshin dish na kyauta kake kallo, hoton da suke turowa bai kai nan ba, Full HD ta ishe ka.

Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka zo da filash mai hotunan launi zalla: fari, baƙi, ja, kore da shuɗi. A kan fari ake ganin ɗigon da ya mutu da inuwar fitilar da ta fara rauni; a kan baƙi ake ganin haske na tsiyayowa ta gefe. Ka gwada kowane ramin HDMI da USB, ka ƙure sauti ka ji ko sifika na karkarwa. Sai ka duba lambar siriyal: ta jikin kwali da ta bayan talabijin su zo ɗaya. Jabu ta yi yawa, har da masu sunan da harafi ɗaya ya raba su da na babban kamfani. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a rubuta mini siriyal da wa'adin garanti a rasit." Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan.

A tsaye ake ɗaukar ta, cikin kwalinta. Idan aka kwantar da ita a Keke Napep aka faɗa rami, allon kan tsage daga ciki, kuma sauya allo kusan kuɗin sabuwa ne. Wajen kafawa, bangon bulo na son fisha, robar nan da ake cusawa a ramin bango, da doguwar ƙusa mai zare. Ginin ƙasa ba ya riƙewa, a ɗora ta kan tebur. Tsakiyar allon ya zo daidai idon wanda ke zaune, kuma idan a kafet iyali ke zama, a ƙara sauke ta ƙasa.

Zafin Maris zuwa Mayu a nan kan wuce digiri 40, shi kuma zafi shi ke cinye fitilun baya. Daga shago talabijin kan zo da haske a ƙure don ta ja ido. Kana kai ta gida ka shiga saiti ka rage hasken baya zuwa wajen 60 cikin 100, ka bar tazarar kamar santimita 10 kewaye da ita don iska. Ƙurar hunturu a goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a fesa ruwa, yana gangarawa ƙasan allo ya jawo layuka. Ranar da ka ji sauti babu hoto, haska tocila dab da allon. Idan ka hango hoto dishi-dishi, fitilun ne suka mutu, allon lafiya lau yake, mai gyara zai sauya su. Ka ce ya sauya layukan gaba ɗaya, don idan ɗaya kawai aka canja, sauran ma suna kan hanya.