Wane netwok zai fita daga wace na'ura?

A yawancin ofisoshin da na yi wa aikin Wi-Fi a Kaduna, daga benayen titin Ahmadu Bello zuwa masana'antun Kakuri, abu guda nake tararwa: duk sunan netwok ɗin da aka taɓa ƙirƙira yana fita daga kowace na'urar watsawa da ke ginin. Haka manhajar kula da na'urorin, waɗanda muke kira AP, takan yi idan ba a hana ta ba, su kuma masu ofis suna ganin yawan sunaye alamar wadata ce. Aiki ya nuna mini cewa kowane suna yana da farashi, kuma masu amfani da netwok ɗin ne ke biyansa.

Farashin shi ne lokacin iska, wato lokacin da na'urori ke rabawa a tsakaninsu wajen aika saƙo a kan tashar Wi-Fi. Kowace AP tana yin shelar kowane sunan da ke kanta kusan sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya, ko da babu wanda ya hau shi, kuma tana yin shelar ne da mafi ƙarancin gudun da aka yarje mata, wanda a zangon 2.4 GHz yakan sauka har megabit 1 a daƙiƙa. A wannan zangon tashoshi uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, don haka a babban gini dole wasu na'urorin su yi tarayya a tasha ɗaya. Idan sunaye 6 ne, kuma na'urori 3 na jin juna a tasha ɗaya, shela 180 ke nan a kowace daƙiƙa, abin da zai iya cinye kusan rabin lokacin tashar tun kafin wani ya aika saƙo ko ɗaya. Lamarin ya yi kama da tashar Kawo a lokacin da 'yan kamasho suka cika wuri da kiran garuruwa, fasinja yana magana ba a jin sa. Mutane sai su ce data ce ba ta da ƙarfi, a je a ƙara kuɗin intanet, alhali cunkoson yana cikin ginin ne.

Saboda haka ba na fara aiki daga allon kwamfuta. Nakan zaga ginin da ƙafa ina tambayar wa ke zama a nan, da me yake aiki, kuma ina yake zuwa da shi. Amsoshin su ke raba na'urorin rukuni-rukuni, abin da manhajojin kula da AP irin su UniFi da Aruba suke yi da rukunin AP, Meraki kuma da alamar da ake maƙala wa kowace na'ura. Netwok ɗin baƙi wurinsa ɗakin jira ne da zauren taro. Ba shi da abin yi a sito ko a AP ɗin da ke kusa da katanga, inda masu shaguna da masu jiran Keke a bakin titi za su same shi da zarar kalmar sirrin ta fita, kuma takan fita. Firintoci da injin danna yatsa na shigowa aiki, waɗanda da yawansu 2.4 GHz kaɗai suka sani, ba sa motsawa daga inda aka ajiye su, don haka sunansu ya tsaya a kan na'ura ɗaya ko biyu da ke kusa da su.

Netwok ɗin ma'aikata ne ba na yarda a gutsuttsura shi. Wayar mutum ce ke yanke shawarar lokacin da za ta saki wata AP ta kama wata, ba AP ɗin ba. Idan aka cire sunan daga na'urar da ke matattakala ko baranda, wayar za ta ci gaba da riƙe wata mai nisa ta bayan bulo da dakin siminti mai rodi, sigina ta yi rauni, kiran taro ya yanke a daidai lokacin da mutum yake hawa bene. Suna ɗaya, tsaro iri ɗaya, a duk inda ma'aikaci zai taka.

Darasin da ya fi mini nauyi ya shafi tsaro. Wata shugabar sashen kuɗi ta taɓa ce mini, "Malam, a ba mu namu netwok, kuma kada ya wuce ƙofar ofishinmu." Na ce mata, "Hajiya, zan iya hana shi fita daga sauran na'urorin, amma ba zan iya hana shi ratsa taga ba." Taƙaita wurin da suna yake fita yana rage cunkoso da idon masu wucewa, amma abin da ke kare takardun albashi shi ne a raba zirga-zirgar bayanai da VLAN, wato a ba kowane sashe keɓantacciyar hanyarsa a cikin netwok ɗin, a kafa dokar da ta hana baƙo isa ga sabar ofis, sannan kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ta tsarin 802.1X. Da wannan tsarin ma suna ɗaya ya isa, domin sabar RADIUS, wadda ke tantance masu shiga, za ta jefa kowa cikin VLAN ɗin sashensa, kuma ranar da wani ya bar aiki asusunsa kawai za a rufe. Tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a 2023, kare bayanan mutane ya zama haƙƙi a wuyan duk ofishin da ke riƙe da su.

Sauran aikin a ɗakin suwic yake, wato na'urar da kebul ɗin kowace AP ke shiga cikinta. Duk sunan da aka ɗora wa AP, dole VLAN ɗinsa ya kasance a buɗe a ramin da kebul ɗinta ya shiga, in ba haka ba waya za ta nuna ta haɗu amma ba za ta samu adireshin IP da take buƙata don yin aiki a netwok ɗin ba. Kuma tunda na'urorin daga suwic suke shan wuta ta kebul ɗin, nakan tabbatar cewa waɗanda ke ɗauke da sunayen da aka taƙaita suna kan suwic mai inbata, domin idan aka ɗauke wuta babu wata AP da za ta rufa musu. Daga ƙarshe nakan rubuta sunan kowace na'ura da ɗakinta da rukuninta a takarda, in liƙa a cikin ƙofar akwatin suwic, saboda wanda zai zo canza wadda ta lalace ya san rukunin da zai saka sabuwar.